Idan Bututun Sabuwar Bindiga Ya Karkace a Cikin Ƙota: Yadda Ake Gano Dalili da Gyara Shi

Ka fito da ita daga kwali, ka goge maikon masana'anta, ka leƙa ta daga sama, sai ka ga bututun ya jingina da ɓangaren hagu na ƙota, ɓangaren dama kuwa rata ce har tsinken ashana zai shige. Dole ran mutum ya sosu, musamman in ya daɗe yana tara kuɗinta. Abin da hannu yake fara nema a lokacin shi ne samfefa, a kankare inda ya taɓa a huta. Roƙona gare ka shi ne ka ajiye samfefar nan tukuna. Sau da yawa karkatar da kake gani a gaban ƙota alama ce kawai, ciwon yana can baya, inda gidan sakata, wato ƙarfen da sakata take zirga-zirga a cikinsa, yake zaune a cikin katako. Wanda ya kankare gaba bai duba baya ba ya ɓata ƙota, ya zubar da garantinsa, kuma harsashi zai ci gaba da watsewa kamar da.

Maganar nan a kan bindigar farauta da wasan saiti ce, mai sakata, irin su Remington 700 da ta fito a 1962, da Tikka T3x ta ƙasar Finland, da Ruger American, da Winchester Model 70. Kuma ga mai lasisi take. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ba mallaka kaɗai ta ɗaure da lasisi ba, har gyaran bindiga sai da izini, don haka wanda ke can ya san matsayinsa kafin ya kwance ko noti ɗaya. Idan doka ta ce sai maƙeri mai izini, to bayanin nan zai taimake ka ka san abin da za ka faɗa masa da abin da za ka duba in ya dawo maka da ita.

Abin da ke faruwa a ciki

Sassa uku ne suke haɗuwa. Akwai bututu, akwai gidan sakata wanda aka murɗa bututun a jikinsa, akwai ƙota ta katako ko ta roba. Noti biyu ne suke riƙe gidan sakata da ƙota daga ƙasa, ɗaya gaba ɗaya baya. Tsakaninsu da bututu akwai wani ɗan harshen ƙarfe da yake shiga rami a cikin ƙota, shi ne matokari, aikinsa ya kai shurin harbi jikin katako don kada nauyin ya faɗa kan notin. A Mauser 98 da Winchester 70 matokarin jiki ɗaya ne da gidan sakata. A Remington 700 faranti ne daban da aka matse tsakanin bututu da gidan. A Tikka kuwa a cikin ƙota yake zaune, gidan sakata ne yake da tsagar da yake shiga.

Duk lokacin da aka harba, bututu yana kaɗawa kamar bulala, ido ba ya gani. Ba kaɗawar ce matsala ba, muddin iri ɗaya ce kowane harbi. Matsala tana zuwa ne idan ƙota tana taɓa bututun yau da ƙarfi, gobe da sauƙi. Katako yana shan laima yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa. Duk wanda ƙofar ɗakinsa take cijewa da damina ta saki da hunturu ya san wannan. Bututu kuma yana faɗaɗa in ya yi zafi. Shi ya sa ake son ko dai ya kasance a sake gaba ɗaya ba ya taɓa komai, ko kuma ya zauna kan tudu guda da aka yi da gangan a ƙasansa daidai tsakiya.

Mataki na farko: tabbatar babu harsashi, sannan ka duba da takarda

Cire gidan harsashi, buɗe sakata, zare ta gaba ɗaya, ka leƙa ɗakin harsashi da ido, ka zura yatsa. Kwashe harsasai ka kai wani ɗakin. Ba a yin wannan aiki da harsashi a kan tebur.

Ɗauki takardar kuɗi ko farar takarda, ka naɗe ta ƙarƙashin bututu daga gaban ƙota, ka riƙe gefe biyu ka ja ta baya zuwa gidan sakata. Inda ta tsaya, sa alama da fensir a kan salatif na takarda da ka manna a gefen ƙota. Yi wannan sau uku: bindiga a tsaye, bindiga a kwance kan jakar yashi, sannan bindiga a kan ƙafafunta biyu in kana amfani da su. Ƙotar roba mai arha tana iya wuce gwajin farko ta faɗi na uku, saboda nauyin bindigar kaɗai ya isa ya lanƙwasa gabanta sama.

A nan ka lura da abu ɗaya. Idan takarda ta tsaya kusa da ƙarshen ƙota, a ƙasa daidai tsakiya, kuma ratar hagu da dama daidai suke, mai yiwuwa ba aibi ba ne. Yawancin Remington 700 masu ƙotar katako da Weatherby Vanguard da tudun matsi suke zuwa, an yi shi ne don ya kwantar da kaɗawar siririn bututu. Karanta littafin da ya zo da bindigar. Abin da ba a yi da gangan ba shi ne matsi daga gefe guda.

Mataki na biyu: harba ta kafin ka taɓa ta

Idan sakata tana rufuwa lafiya, makullin kunama yana aiki, babu tsagewa a ƙota, kai ta filin saiti. Mita 100, jakar yashi gaba da baya, harsashi iri ɗaya daga kwali ɗaya. Harba biyar a hankali, bar ta ta huce, sake biyar, haka har rukuni uku. Ajiye takardun ka rubuta kwanan wata.

Takardun nan suna magana. Ramukan da suke hawa sama ɗaya bayan ɗaya yayin da bututu ke zafi suna nuna matsi daga ƙasa. Waɗanda suke tafiya gefe ko a karkace suna nuna matsi daga gefe. Idan kuwa rukunin ya rabu biyu, uku nan biyu can, gidan sakata ne yake motsi a mazauninsa. In kuma ta tara biyar cikin abin da bai wuce santimita 3 ba sau uku a jere, ni dai sai in ce karkatar ta ido ce kawai, ka yi tunani sosai kafin ka taɓa ta.

Lokacin saita madubin hangen nesa da ake ɗaura wa bindiga ma ka kula. Idan ka murɗa saitin hagu da dama har ya kusa ƙarewa kafin harsashi ya zo tsakiya, kuma ka tabbatar zoben madubin daidai suke, akwai yiwuwar bututun ne aka ɗaura a karkace a jikin gidan sakata, ko ramukan zaman madubi ba su miƙe ba. Wannan ba aikin gida ba ne. Ɗauki hotuna, haɗa da takardun saiti, ka mayar wa dillali tun garanti yana aiki.

Mataki na uku: kwance, duba, sake zaunarwa

Wannan matakin shi ne ya fi warware matsala, kuma ba ya cin ko kwabo. Kwance notin biyu da sukundireba da ya cika kan notin daidai, ka ɗaga ƙarfen daga ƙota. Haska tocila cikin ƙotar ka bi ta a hankali.

Na taɓa kwance wata sabuwa da bututunta ya jingina dama sosai. A cikin ramin matokari na tarar da ɗigon fenti da ya daskare, bai fi ƙwayar gero ba, a kusurwa guda. Da bakin wuƙa na ɓalle shi, na mayar da ƙarfen, bututu ya zauna tsakiya. Ƙwayar gero a baya ta zama ratar ashana a gaba, domin tsawon ƙota yana ninka ƙaramin kuskure.

Abubuwan da za ka nema: ɓurɓushin katako ko roba a ramin matokari, tsinin roba da ya rage daga injin zuba, wuri mai sheƙi ko baƙi a cikin kwarin bututu, wato fafaffen wurin da bututu yake kwanciya a ƙota, inda ƙarfe yake goga. Duba notin maratayi na gaba, wani lokaci tsininsa yana leƙowa cikin kwari ya taɓa bututu. Duba akwatin harsashi na ƙarfe a bindigogin da suke da shi a ciki: ya kamata ya ɗan yi motsi in an ɗaure komai, in ya cije to gidan sakata a kansa yake zaune ba a kan ƙota ba. Duba jikin notin biyu, in zarensu ya bar shaida a bangon rami, suna ɗaukar shurin da ba nasu ba. Duba hannun sakata kada ya taɓa ƙota in an rufe. A Remington 700 ka kalli matokarin daga gaba, ko ya miƙe ƙasa sak ko ya ɗan juya gefe. A Tikka ka tabbatar ya shiga tsagarsa, don ana iya ɗaure noti alhali gidan yana bisa kansa.

In ido bai nuna maka ba, shafa jan-baki ko baƙin hayaƙin fitila siriri a ƙasan gidan sakata da bayan matokari da ƙasan bututu, mayar, ɗaure kaɗan, sake cirewa. Duk inda launi ya kama, nan ake taɓawa. Abin da kake so ka gani shi ne launi ya kama bayan matokari gaba ɗaya, ba gefe guda ba.

Wajen mayarwa, sa notin biyu a sake. Tsayar da bindiga baki sama, ka ɗan buga gindinta a kan tabarma don matokari ya zauna da bangon baya. Naɗa salatif a bututu kusa da ƙarshen ƙota har kaurinsa ya cika kwarin, ko ka cusa kati mai kauri ɗaya hagu da dama, don ya tsaya tsakiya. Sannan ka ɗaure na gaba kaɗan, na baya kaɗan, kana ƙarawa daki-daki, na gaba yana riga.

Ƙarfin ɗauri ba a yin sa da ka. Nemi sukundireba mai awon ɗauri, ka bi adadin da masana'anta suka rubuta. Ƙotar katako marar ginshiƙin ƙarfe a ramukan noti galibi tsakanin inci-fam 30 zuwa 40 ake ɗaure ta, wato wajen niyuton-mita 4. Ƙotoci masu gadon alminiyam a mazaunin gidan sakata, kamar na kamfanin H-S Precision, inci-fam 65 ne. Ruger American littafinta ya ce 60 zuwa 80. Ka kula ƙwarai, inci-fam ne ba ƙafa-fam ba. Na biyun ya ninka na farkon sau 12, irin na notin mota ne, zai murƙushe katako ko ya tsinke notin.

Cire salatif, sake gwajin takarda. In bututu ya tsaya tsakiya, koma filin saiti, wataƙila ka gama.

Mataki na huɗu: gano ko gidan sakata yana lanƙwasa

Idan bututu ya koma gefensa da zarar ka ɗaure, yi wannan gwajin. Ɗora yatsa a inda bututu da ƙarshen ƙota suke haɗuwa, yatsan yana taɓa duka biyun. Sassauta notin gaba a hankali, sake ɗaurewa, sannan na baya. In ka ji bututu yana tashi ko yana zamewa gefe a ƙarƙashin yatsanka, mazaunin ba daidai yake ba, notin ne suke tanƙwara ƙarfe ya bi katako. Masu agogon awo, mai allurar da take nuna ɗan ƙaramin motsi, suna ɗaura shi a bututu, kuma abin da ake nema kada motsin ya wuce kashi 5 cikin 100 na milimita. Idan motsi ya yi yawa, tsallake zuwa mataki na shida. Idan babu motsi amma har yanzu yana taɓa gefe, gaban ƙotar ne ya karkace ko aka fafe kwarin ba daidai ba, nan ne samfefa take da aiki.

Mataki na biyar: faɗaɗa kwarin bututu

Kafin ka kankare tudun matsi, gwada abin da za a iya warwarewa. Yanka tsohon katin banki, kaurinsa milimita 0.76 ne, ka sa guntu ƙarƙashin gaban gidan sakata bayan matokari, wani guntun ƙarƙashin jelarsa, wato ƙarshensa na baya, ka huda su don noti ya wuce. Wannan zai ɗaga bututu ya saki tudun. Tabbatar sakata da makulli suna aiki, ka harba rukuni uku. In ta gyaru, kankare tudun. In ta ƙara watsewa, bututunka mai son matsi ne, ka bar masa tudunsa ka gyara gefe kawai. Katakon da aka kankare ba ya dawowa, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Manna salatif na takarda a saman gefunan ƙota don kare fenti. Da ƙarfen a ciki, ja layi da fensir a kan salatif ɗin yana bin jikin bututu, ratar ta zama ɗaya hagu da dama. Cire ƙarfen. Naɗa samfefa mai lamba 80 a jikin sanda mai zagaye ko doguwar soket da ta kusa kaurin kwarin. Goga a tsaye, dogon ja daga baya zuwa gaba, kana danna ɓangaren da ya taɓa. Kada ka bar sandar ta hau leɓen ƙota, nan ne ido yake gani. Bayan kowane ɗan lokaci ka share, ka mayar, ka ɗaure da cikakken awo, ka gwada. Gwaji ba tare da ɗauri ba yaudara ce. Ƙarasa da lamba 120 sannan 220.

Ratar takardar kuɗi ɗaya ba ta isa ba, don ba ta fi kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ga katako nemi rabin milimita zuwa ɗaya. Ga roba mai laushi ƙara a kan haka, har sai ka matse bututu da ƙota da hannu da matsakaicin ƙarfi ba su haɗu ba.

Sai abin da mutane suke mantawa: ka buɗe ɗanyen katako. Shafa masa Tru-Oil, wani man kare katakon bindiga, ko banish sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Ƙotar da aka bari haka za ta sha laimar damina ta murɗe, aikinka ya koma baya.

Mataki na shida: zuba sabon mazauni

Wannan shi ne gyara na dindindin ga mazaunin da ba daidai ba. Ana zuba gam mai haɗi biyu a ƙarƙashin gidan sakata ya ɗauki siffarsa sak. Waɗanda aka saba da su su ne Acraglas na Brownells, Devcon 10110 da Marine-Tex. Kada ka yi amfani da mai kamawa cikin minti biyar, ba zai ba ka lokaci ba kuma ba shi da ƙarfin.

Cire kunama da duk abin da yake ciruwa daga gidan sakata. Toshe kowane rami da tsaga da yumɓun wasan yara, domin duk inda gam ya shiga ya daskare ya zama ƙugiya, ƙarfe da ƙota sun haɗu ke nan. Manna baƙin salatif na masu wayarin a gaban matokari da gefunansa da ƙasansa, bayansa kaɗai za ka bari tsirara. Shafa man takalmi marar launi, Kiwi ya wadatar, a duk ƙarfen da notin da zarensu, bar shi ya bushe, goge, sake shafawa. Wuri ɗaya da ka tsallake ya isa ya jawo nadama, don haka bi shi sau biyu da ido.

A ƙota, fafe milimita 2 zuwa 3 a bayan matokari da ƙarƙashin gaban gidan sakata da wajen jela, amma ka bar ɗan tudu na asali a jela don tsayin ya tsaya yadda yake. Bar wurin da kaushi. In roba ce, wanke ta da sifirit, ka huda ƙananan ramuka a karkace don gam ya sami abin kamawa, saboda irin wannan roba ba ta son gam. Rufe wajen ƙota da salatif.

Yanzu dabarar da take gyara karkata: naɗa salatif a bututu wuri biyu, kusa da ƙarshen ƙota da tsakiya, har ya zauna daram a tsakiyar kwari da ratar da kake so. Shi zai riƙe layin yayin da gam ke kamawa. Gwada komai a bushe sau biyu kafin ka haɗa gam.

Auna gam yadda aka rubuta a gwangwani, juya sosai, shafa a wuraren da ka fafe, ɗan shafa a kusurwar matokari don kada iska ta maƙale. Saukar da ƙarfen a miƙe. Kada ka ɗaure da notin da ƙarfi, in ka yi haka ka dawo da lanƙwasar da kake gudu. Masu aikin suna amfani da dogayen noti marasa kai don saita ramuka kawai, sannan su naɗe gidan da robar tiyub ta keke, riƙo mai sauƙi. Share abin da ya fito da auduga. Bar ta awa 24 ba taɓawa.

Wajen fitarwa, riƙe ƙota ka bugi ƙasan bututu da tafin hannu, ya fito a miƙe ba da jijjigawa ba. In ya ƙi, sa ta cikin firiza na wasu awoyi, ƙarfe zai tsuke ya saki. Cire salatif da yumɓu, wanke man takalmin, share ramukan noti da bakin dirila har noti ya wuce ba ya taɓa bango, gyara gefunan gam da magagari. Ƙotar katako tana ƙara amfana da ginshiƙan alminiyam a ramukan noti, don ɗauri ya zama ƙarfe kan ƙarfe, sai dai hudarsu tana son injin dirila na tsaye, gara a bar wa maƙeri.

Kafin harsashi ya sake shiga

Mayar da kunama, haɗa, ɗaure da awo. Ba harsashi, baki yana kallon wuri amintacce: rufe sakata, sa makulli, ja kunama, kada ta faɗi, wato kada ta saki kamar an harba. Saki kunamar, cire makulli, kada ta faɗi da kanta. Rufe sakata da ƙarfi sau da yawa, ɗan bugi gindin a tabarma. In ta faɗi ko sau ɗaya, ko makulli ya yi tauri, wani abu yana taɓa kunama, kada ka ɗora mata harsashi sai maƙeri ya gani. In sakata ta ƙi rufuwa ko tana cijewa, notin gaba ya yi tsawo yana taɓa haƙorinta, a rage shi kaɗan.

Ba gam kwana biyar zuwa mako ya gama ƙarfi. Sannan ka koma mita 100 da irin harsashin farko, rukuni uku na biyar biyar, ka ajiye sabbin takardun kusa da tsofaffin. Bayan harbi ashirin na farko sake auna ɗaurin notin, ka rubuta adadin a ɗan kati ka jefa cikin jakar bindigar. In ƙotar katako ce, sake zura takarda ƙarƙashin bututu a tsakiyar damina, ka sake a tsakiyar hunturu.